Hancina da Kallabin Kaka

Gidanmu gidan banda ne. Idan ka sauka a kwatar Wara ka bi gefen ruwa, ba ka bukatar tambayar kowa hanya, hancinka zai kai ka har ƙofarmu. Ƙarnin kifi a bango, ƙarni a katifa, ƙarni a littattafaina. Malaminmu na lissafi ya taɓa cewa idan ya kai takardun jarrabawa gida, magensa ce take fara gane tawa.

Mai mulkin wannan ƙarni ita ce Kaka, mahaifiyar Baba. Baba ne yake shiga ruwa, Inna ta gyara kifin ta lanƙwashe shi ta jera a kan waya, ni in ɗebo itace, ƙanwata Auta kuma ta kori ƙudaje da ba su taɓa jin tsoronta ba. Amma Kaka ce take cewa kifi ya yi ko bai yi ba, kuma ko kallon wutar ba ta yi. Takan zauna a gindin darbejiya ta juya wa murhun baya tana tsintar shinkafa, sai ka ji ta ce, "A juya tarwaɗar can ta wajen katanga." In ka je ka duba, ka tarar saura kaɗan ta ƙone. Da ana gasar hanci a jihar Kebbi, da an ba ta kofi an kuma roƙe ta kada ta sake zuwa. Abin da hayaƙin shekaru ya bar mata shi ne wani ɗan tari da ba ya rabuwa da ita, wanda take kira maƙwabcinta.

A ɗakinta aka yaye ni, kuma ban fita ba har na yi girman da ya kamata in ji kunya. Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, yau ma haka za mu wuni ba cefane?"

"Ai na sake ki tun jiya, saƙo bai iso ba?"

"Ya iso. Na ce ka fara fitar da wandonka daga ɗakina."

Ido rufe nake gane ta shigo. Tana da wani ƙamshi nata ita kaɗai, wanda yake cikin zanenta da matashinta da bayan wuyanta. Ban taɓa zama na tambayi kaina ƙamshin mene ne ba. Wa yake zama ya yi bincike a kan abin da yake kwana da shi ya tashi da shi?

Shekarar da aka rufe makarantu saboda korona, mu a bakin ruwa biki muka ɗauke ta. Rediyo ya ce cuta ce mai kama numfashi, mu kuma muka ce ta masu hawa jirgin sama ce, kuma jirgin da muka sani shi ne wanda ake kwarfe wa ruwa da ƙwarya. Ana cikin haka Yaya, wanda yake koyon walda a Kaduna, ya dawo gida a bayan wata motar da ta kai albasa ta juyo fanko. Ya iso da jaka ɗaya da sabon aski da tari. Ya ce iskar hanya ce.

Kaka ta saurari tarin sau ɗaya ta ce a ɗora tukunyar sirace.

Sai na yi bayanin yadda ake sirace a gidanmu, don a nan duk abin ya fara. Ana cika babbar tukunya da ganyen darbejiya da na mangwaro da na gwaiba da ɓawon lemun tsami, a dafa har ruwan ya yi baƙi. Sai a sauke, mai ciwo ya durƙusa a gabanta, a rufa masa bargo, ya shaƙi tururi har ya yi gumi. Haka kowa yake yi. Bambancinmu shi ne Kaka ba ta yarda a ɓata tururi a kan mutum ɗaya ba. Tana da wani bargo na soja mai faɗin da zai iya rufe filin ƙwallo, kuma in an sauke tukunya kowa sai ya shiga: mai mura, da wanda ya gaisa da mai mura, da wanda aka ga alamar yana tunanin yin mura. A kewaye tukunya kai da kai, goshi na gugar goshi. Ita kanta Kaka tana ciki kullum, don ita ce mai juya ganyen da muciya, kuma ita ce mai damƙe ƙafar duk wanda ya nemi ya sulale.

Haka muka shiga da Yaya. Yana tari, muna shaƙa. Kaka tana cewa, "Buɗe baki, ja shi har cikin ciki." Muka ja. Washegari aka sake, jibi ma haka, safe da yamma, don Kaka ta ce murar birni taurin kai gare ta. Ni har daɗi nake ji, saboda a cikin duhun bargon nan ina iya mintsinin Auta in ce Yaya ne.

Baba ne ya fara kwantawa da zazzaɓi, sai Inna ta bi, amma ita ba ta kwanta ba, don ban taɓa ganin ciwon da ya iya kwantar da Inna ba. Abin da ya ba mu tsoro ya faru ne wata hantsi. Kaka ta shiga wanka, Inna tana tsaye a gaban murhu da kanta, hannu a ƙugu, ni ina gefe ina tura itace. Sai ga Kaka ta fito da gudu da kumfa a kunne.

"Ku mutanen ga, lahiya? Ƙauri ya kai Ngaski kuna tsaye kamar an dasa ku."

Muka duba. Rabin kifin ya zama gawayi a gaban idonmu. Inna ta sunkuya ta shinshina, ta ɗago ta dube ni. Ni ma na shinshina. Babu komai. Ba ƙauri, ba hayaƙi, ba ƙarni. Na ruga ɗakin girki na cusa hanci a cikin albasa, na buɗe kwalbar kananzir, har takalmin ƙwallon Yaya na ɗauka, wanda ya taɓa sa akuyarmu ta ƙaurace wa gida. Duk kamar ruwan randa. Na fito tsakar gida na tsaya, a karon farko a rayuwata gidanmu ba ya warin komai, sai na ji kamar gidan wasu na shiga bisa kuskure.

A ranar ne abokin Yaya ya bugo masa waya daga Kaduna ya ce an gwada waɗanda suke kwana a shagonsu, an samu korona. Baba ya aika Wara, ma'aikatan lafiya suka zo da fararen kaya da takunkumi. Suka zura mini wani tsinke mai auduga a hanci, ya yi ta tafiya har ya taɓo wani lissafi da na manta tun ina aji uku. Da sakamako ya dawo, dukkanmu muna da ita. Kaka ce kaɗai ba a ga komai a jikinta ba.

Shugabarsu, wata mata mai sanyin murya, ta tsaya daga bakin ƙofa tana tambayar yadda muke kwana da yadda muke cin abinci. Auta, wadda ba a tambaye ta ba, ta ba ta labarin sirace da bargon soja tiryan-tiryan. Matar ta dafe goshi.

"Mama, ke ma kina shiga?"

"To wa zai juya musu ganyen?" in ji Kaka.

Matar ta ce wa Baba mu yara za mu warware da yardar Allah, shi da Inna ma haka, amma tsofaffi masu ciwon ƙirji su cutar take kayarwa. A raba Kaka da mu tun yau. Ta faɗi adadin kwanakin da za a jira. Baba ya saurara da ladabi, amma bayan sun tafi ya kafa tasa dokar. Ya ce shi bai yarda da lissafin kwana ba a kan ɓarawon da ya shigo gidan banda ya sace hanci. Muddin akwai mutum ɗaya a gidan nan da ba ya jin wari, to ɓarawon yana ciki. Kaka za ta koma wurin Gwaggo, ƙanwarsa, a wata tunga a tsallaken ruwa, inda akwai ɗaki a ware a bayan gida. Ranar da hanci na ƙarshe ya buɗe, ranar za ta dawo.

Kaka ta yi faɗa da Hausa, da Hausar ta ƙare ta koma Gunganci, yaren da ta tashi da shi a tsibirinsu kafin ruwan dam ya rufe shi. Baba dai ya sunkuyar da kai ya ƙi janyewa.

Kawu, wan Inna, shi ne mai jirgin inji da yake tsallakar da mutane. Ya kawo jirgin kusa da gidanmu da safe don kada a bi ta cikin jama'a. An ce kada mu matso, saboda haka muka jeru a kan tudu kamar masu jiran a ɗauke mu hoto. Kaka ta shiga jirgi da ƙullin kayanta, ta zauna, sai kuma ta sa hannu a ƙarƙashin mayafinta ta zaro kallabin da yake kanta, tsohon nan mai ruwan ƙasa da ba ta rabuwa da shi. Ta dunƙule shi ta jefo mini. Bai ko kai rabin hanya ba, na sauka na tsince shi a kan yashi.

"Maigida, riƙe wanga. Ban yarda da gwajin uwarka ba, tausayi gare ta. Ranar da ka ji warin kaina a jikinsa, ka aiko Kawunka ya hwaɗa mini, in dawo."

"In kin samu wani mijin a can fa?"

"Sai dai in mai hanci ne."

Kawu ya ja igiyar inji. Na tsaya ina kallo har mayafinta ya zama ɗigo, har ɗigon ya shige hasken ruwa. Na kai kallabin hanci na ja da ƙarfi. Tsumma kawai.

Daga nan gidanmu ya koma makarantar shinshina. Kowace safiya Inna takan ɗaure wa mutum ido ta kawo abu kusa da hancinsa ta ce ya faɗa. Yaya, wanda ya kawo mana abin, shi ya fara cin jarrabawa, abin da har yau nake ganin rashin adalci ne. Auta ta biyo baya, ta kuma yi ta yawo a gida tana sanar da mu warin kowa. Baba ya tashi daga zazzaɓi ya rame kamar sandar tuƙi, wata rana yana alwala ya ce yana jin sabulu. Inna ta gane nata ya dawo ne da ta ce miyar da ta yi kwanaki tana ba mu ta lalace tun shekaranjiya. Saura ni.

Ni da ban yi ko zazzaɓin kirki ba. Ina ci, ina gudu, ina hawa katanga, amma hancina yana nan a fuskata kamar ado. Kowace safiya gida duka ya taru a kaina, ni kaɗai ne tsakanin Kaka da ɗakinta. Na shaƙi barkono har na yi atishawar da ta tashi kajin maƙwabta. Na shafa man zafi. Na roƙi Yaya ya ɗan nausa mini hancin ko zai farka, kuma ya karɓi aikin da saurin da bai yi mini daɗi ba.

Da abin ya ƙi, na sayi Auta da kan tarwaɗa. Muka shirya cewa in albasa ce za ta yi gyaran murya, in kananzir ne ta ja majina, in sabulu ne ta buga ƙafa. Na canki albasa, na canki sabulu, Baba har ya fara gyara zama. Sai na ji Auta ta ja majina.

"Kananzir," na ce, da muryar mutumin da ya san abin da yake yi.

Inna ta kwance mini ido. Cokali ne a hannunta, wankakke, babu komai a ciki. Majinar Auta ta gaske ce.

"Kai, ka fi son ka ga tsohuwar nan ta dawo ta kwanta saboda ƙaryarka?" in ji Baba. Bai daka mini tsawa ba, da ma ya daka.

Kaka takan kira mu a wayar Gwaggo da yamma. A tungarsu sai an hau kan wani suri ake samun sabis, saboda haka sai ka yi tunanin tsohuwa a tsaye a kan gidan gara tana ƙwala magana kamar muryar ce da kanta za ta tsallake ruwan.

"Maigida, ina labarin hanci?"

"Yana hanya, Kaka. An ce ya iso Birnin Yauri."

"Ka ce ya hau mota. Kifin Gwaggonka ba ya ciyuwa, da ido take banda."

Nakan ji Gwaggo tana dariya daga ƙasa tana cewa ta sauko kada ta faɗi. Bayan an kashe wayar sai in shiga ɗakin Kaka in kwanta a gadonta in rufe fuska da kallabin. Ba na jin komai, amma na san ƙamshin yana nan, kamar yadda ka san mutum yana cikin ɗaki ko bai yi magana ba.

Wata yamma ta kira, maganarta tana yankewa, kuma ba laifin sabis ba ne. Kalma biyu, ta tsaya ta ja numfashi. Ta ce maƙwabcinta tari ne ya yi baƙi. Washegari Gwaggo ce ta hau surin. Ta ce zazzaɓi ya rufe Kaka, Kaka kuma tana cewa abinci ba ya yi mata ɗanɗano, wai ma an daina banda a tungar ne, don ba ta jin hayaƙi. Ashe tun a cikin bargo ta ɗauka, abin bai nuna ba sai da ta tsallaka. Duk jiran da muke yi kada mu ba ta, tana can da ita a ƙirji.

Na ce to ai sai ta dawo, tunda babu sauran abin da ake gudu. Baba ya ce jikinta ba zai ɗauki jirgi ba, an ma kai ta asibitin da ke kusa da su a can. Ma'aikatan lafiya suka aiko cewa a wanke duk kayan ɗakinta da ruwan zafi a shanya a rana. Inna ta ɗora babbar tukunyar nan ta sirace, ta fara fito da zannuwa da matashi da bargon soja. Ina ganin haka na cusa kallabin a cikin wandona. Na san in ya shiga tukunyar nan ya tafi ke nan, kuma Kaka cewa ta yi sai na ji shi zan aika. Auta ta taɓa gaya mini cewa ƙamshi guduwa yake yi in an bar shi a iska, saboda haka na faɗa ɗakin girki na wawuri wani gwangwani fanko mai murfi a bayan tukwane. Na duba cikinsa, tsaf. Na shinshina ma, don sabo. Na danna kallabin a ciki, na rufe, na naɗe bakin da tsohuwar robar taya, na tura shi ƙarƙashin wani mataccen kwalekwalen Baba da aka kife a bayan gida.

Kaka ta rasu wata Laraba da hantsi. Gwaggo ta bugo, Baba ya saurara, ya ce innalillahi, ya miƙa wa Inna wayar ya shiga ɗaki ya ɗauko hularsa. A can aka binne ta, ba a yarda a tsallako da ita ba. Baba da Yaya suka tafi a jirgin Kawu, mu aka ce mu zauna. Mutane ba su shigo gaisuwa ba saboda tsoro, daga bakin ƙofa suke tsayawa. Bakambariyar da take kawo mana itace ta ajiye dami biyu a waje ta ce ba na sayarwa ba ne, kuma sun sa Kaka a addu'a a cocinsu.

Daga ranar babu wanda ya sake ɗaure mini ido. Hancina, wanda ya yi makonni shi ne babban labarin gida, ya zama ba ruwan kowa da shi. Ni kaɗai na ci gaba. Ban buɗe gwangwanin ba don kada abin da ke ciki ya tsere, sai dai kowace safiya nakan zaga in taɓa shi in tabbatar robar tana nan. Ruwan farko ya sauka, Auta ta fita tana tsalle tana cewa ƙasa tana ƙamshi, ni ina tsaye a ƙofar ɗakin Kaka da aka wanke tas kamar ba a taɓa kwana a ciki ba. Inna ta koma banda, tana yi tana leƙa wuta kowane lokaci, kifin wani ya yi ɗanye wani ya ƙone. Babu mai zama a gindin darbejiya. Na daina zolayar kowa na ɗan lokaci, har Yaya ya tambayi Inna ko a sake kiran masu tsinke.

Sai da gero ya kai gwiwa. Wata safiya ina kwance igiyar awaki, bunsurun maƙwabcinmu ya tsallako ya tsaya a gabana, wani abu ya doke ni a fuska har na ja da baya. Hamami. Ban taɓa jin abu mai muni da daɗi irinsa ba, saura kaɗan in rungume bunsurun. Sai sauran suka biyo: hayaƙi, jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙarnin gidanmu gaba ɗaya ya dawo ya zauna a kaina. Na saki awakin na ruga bayan gida. Na shiga ƙarƙashin kwalekwalen da rarrafe, na jawo gwangwanin, na kwance robar. Na rufe ido kamar yadda nake yi in ta shigo ɗaki, na buɗe murfin, na cusa fuska.

Daddawa.

Na zaro kallabin na warware shi, na bi shi lungu-lungu, gefen da yake taɓa goshinta, wurin ƙullin, tsakiya. Daddawa, daddawa, daddawa. Irin mai ƙarfin nan da in aka jefa ƙwaya ɗaya a tafkin Kainji sai kifaye su fito su nemi tuwo. Wata da watanni yana rufe a ciki, ta shige kowane zare.

A nan Inna ta same ni, ta biyo sawun awakin da suka shiga gonar mutane. Ta dubi gwangwanin ta dubi kallabin.

"Wanga ai gwangwanin daddawata ne. Na yi ta nema har na zargi Auta."

Ta karɓi kallabin ta shinshina. Sai dariya ta ƙwace mata, ta zauna a kan kwalekwalen tana yi tana riƙe ciki, ni ma na kama, don na san da Kaka tana nan da sai ta ba da labarin nan a kasuwar Wara har 'yan tsallake su ji. Ban san inda dariyar ta juya ba, na dai ga Inna tana share fuska da kallabin, ni kuma kaina yana kan cinyarta kamar ƙaramin yaro.

Da muka natsu na ce, "Inna, wai ƙamshin mi Kaka take yi?"

Ta yi tunani ta ce man kaɗanya da ganyen darbejiya. Da na tambayi Baba ya ce hayaƙin itacen kirya. Auta ta ce goro. Yaya ya ce tsufa kawai, Inna ta jefe shi da mafici. Na haɗa su duka a bayan gida, na shafa man kaɗanya a tsumma na kanga a hayaƙi na murza ganye da goro a kai. Abin da ya fito ya kori ƙudajen da Auta ta yi shekaru tana fama da su, amma ba Kaka ba ce. Har yau ina nema. Ni nake zama a gindin darbejiya yanzu in na dawo makaranta, ina ce wa Inna a juya na wajen katanga, kuma ina dacewa fiye da yadda take yarda. Wani lokaci iska takan juyo da wani abu daga murhu in ɗago kai da sauri, kafin in kama shi ya wuce.

Amma a ranar, bayan an kamo awaki an ba mai gona haƙuri, na sa kallabin a aljihu na gangara kwata. Kawu yana loda buhunan masara da wani babur da mata masu kwanduna. Na tsaya a gefe har ya lura da ni.

"Ɗan Inna, mi ya faru? Tsallakawa za ka yi?"

"A'a. Saƙo ne."

"Wurin Gwaggonka?"

"Wurin Kaka. Ta ce in hancina ya buɗe in aiko ka."

Matan da ke cikin jirgin suka juyo suna kallona. Kawu ya ajiye buhun da ke kafaɗarsa, ya goge hannu a riga, ya daɗe yana kallon ruwa.

"Ka ji warin kan nata?"

"Daddawa na ji."

"To ai ba ƙarya ka yi ba, ka ji wani abu," in ji shi. "Tana nan bayan tunga, ƙarƙashin wata ɗorawa. In na sauke mutanen ga zan biya in yi mata addu'a, in hwaɗa mata."

"Ka ce mata kuma sakin nan na janye shi."

Ya gyaɗa kai, ya tura jirgin da ƙafa ya haye, ya ja igiya. Hayaƙin inji ya bugo ni, mai ɗaci, mai warin fetur, na ja shi har cikin ciki. Na zauna a kan yashi ina jiran ya dawo.